Saniyar da Ba Ta Kowa Ba

Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara riƙe alƙalami. Ba a sa ni lakol, makarantar boko, ba ina yarinya, kuma ba zan tsaya zagin matattu a nan ba. Makarantar yaƙi da jahilci na shiga, a wata rumfar zana bayan kasuwar hatsi ta Gidan Rumji, muna zaune a tabarma da warin man gyaɗa a zannuwanmu. Na iya karatu, na iya rubutu, na ƙi tsayawa nan. Da aka kawo na'urorin ordinater, wato kwamfuta, cibiyar mata aka ce wa ke son koyo, ni na fara ɗaga hannu, ko kunyar furfurata ban ji ba.

Ɗiyar ƙanwata ce ta jefa ni cikin aikin da zan ba da labarinsa. Tana Maradi da mijinta da 'ya'yanta uku, ita da abokan aikinta biyu suna haɗa wasan salula. Wasan na manomi ne mai tsaron gero daga shuka har girbi. Tsuntsu ya zo, fara ta zo, daga ƙarshe garken shanu ya kauce daga burtali ya faɗa cikin hatsi, mai wasa kuma ya mayar da su hanya ba tare da ya ɗaga sanda ba. Su ke gina siffofin, rumbu da garu da saniya, amma tsirara suke fitowa, farare fat kamar abin da aka gina da yumɓu. Sai an tufatar da su. A ɗauki hoto, a baje shi kamar fatar da aka shanya, a gyara, sannan na'ura ta naɗe siffar da shi. Wannan tufatarwar ce aikina. Ta ce duk danginmu babu wanda ya san launin ƙasa da na garu kamar ni, da na yi shekara ashirin ina yi wa mata daɓe da shafen ɗaki. Ta bar mini tsohuwar ordinater ɗinta da faifan hasken rana guda, mai batirin da ke mutuwa da an yi la'asar.

Tun ranar farko ta nuna mini abin da take kira kalk, ni kuwa nake ce masa shimfiɗa. Hoto a ƙasa, ƙura a bisa tata shimfiɗar, inuwa a bisa tata, kamar an jera fararen ledoji ɗaya kan ɗaya, kowace da nata zane, ana hango na ƙasa ta cikin na sama.

Ta ce, "Inna, don Allah kada ki haɗe su. Ki bar kowace daban, ko da za a ce a sake wani abu."

Na ce to. Tana hawa mota na haɗe su.

Ba taurin kai ba ne kaɗai, ko da yake akwai shi. Na'urar tsohuwa ce, in shimfiɗu suka yi yawa sai ta riƙa nishi tana ja da ƙyar. Sannan hannuna ya riga ya saba. In na gama shafen ɗaki ba na bari a gane inda na fara da inda na tsaya. Aikin da aka bari gunduwa-gunduwa, a idona aikin malalaciya ne. Abin da ban so kuwa, in sa magogi in goge, ya tafi ke nan. Haka na yi garu, na yi rumbu, na yi ƙasar gona, babu wanda ya yi ƙorafi, domin hoto guda gamamme nake tura musu. Sai aka zo kan saniya.

Ina da ƙawa Bafillata, rugarsu na kan hanyar Gidan Sori. Shekara goma sha bakwai tana kawo mini nono. Tana ce mini Kaɗo, ina ce mata Fillo, ba mu taɓa gaisawa ba tare da mun zagi juna ba. Da mijina ya rasu kwana uku ta yi a gidana, ita ta riƙa tilasta mini shan fura. Wajenta na je neman saniyar da zan ɗauki hotonta. Na same su a bakin rijiya da hantsi, ta zaɓo mini wata ja mai farin wuya da fari a ciki, ta riƙe mata ƙaho.

"Ɗauke ta da kyau, Kaɗo. Ta fi ki kyau nesa."

"Ta fi ki hankali kuma, ga shi ta tsaya shiru."

Ba ta tambaye ni me zan yi da hoton ba. Na ce mata na aiki ne, ta ce to. Ban gaya mata cewa shanun wasan hatsi suke ci ba. Ban ɓoye ba, bai dai zo mini a rai cewa abin faɗa ne ba.

A cinyar saniyar ta hagu akwai shaida, irin wadda ake yi da ƙarfe mai zafi: layi biyu a tsaye, da wani lanƙwasasshe kamar lauje a bisansu. Na san ana yi wa shanu shaida, wa bai sani ba? Amma ni ɗiyar manoma ce. A idona shaida wani sashe ne na saniya kamar ƙaho da tozo, duk iri ɗaya suke. Har na ga ta ƙara wa hoton gaskiya, na bi ta da baƙi-baƙi don ta fito sosai a ɗan gilashin salula. Na sa ƙura a ƙafafu, na sa inuwa ƙarƙashin ciki, na sa busasshen kashi a gindin wutsiya. Kwana biyar na yi. Na haɗe, na tura. A Maradi suka ɗauki wannan fata guda suka tufatar da shanu goma sha biyu da ita.

Ranar da ɗiyar ƙanwata ta turo mini gwajin wasan, ƙawata na zaune a tsakar gidana tana auna nono.

Na ce, "Fillo, zo ki ga saniyarki ta shiga salula."

Ta matso tana goge hannu. Da ta ga garken na tafe bisa burtali sai ta kama baki tana dariya, wai ga naggenta ta haifi kanta sau goma sha ɗaya. Sai shanun suka kauce. Suka faɗa cikin gero, suka sunkuyar da kai, karan na faɗuwa gabansu. Dariyar ta tsaya.

"Tsai da shi."

Na tsayar.

"Matso da wagga kusa." Ta sa farce a kan cinyar. "Kin san mi ne ne wanga?"

"Shaida ce."

"Shaidar wa?"

Na ce ta gaya mini.

"Ta gidanmu ce. Ta kakan mijina. Daga nan har inda shanu ke kaiwa, duk wanda ya taɓa kiwo in ya gan ta ya san mu ne. Kin sa ta ga shanu goma sha biyu, kin tura su gonar mutane."

Sai a lokacin kaina ya haɗa abin. Bara an zargi garkensu da ɓarna a wata gona, har gaban mai gari. An gano ba nasu ba ne, amma maganar ta manne musu, har yau akwai gidajen da ba su sayen nononta. Ga shi kuma saura kwana takwas a yi taron manoma da makiyaya da ake yi kafin a saki gonaki, kuma a wurin za a fara nuna wasan, a haska shi babba a jikin bango. Wan mijinta, arɗonsu, a sahun gaba zai zauna.

Na ce, "Wallahi ban sani ba."

"Na sani ba ki sani ba. Kin yi boko, ba ki sani ba."

Ta rufe ƙwaryarta da faifai ta ɗora a ka. Nonon da ta auna mini ta bar shi nan a kwano, ta fita ba sallama.

Na buɗe na'ura a take, na sa magogi a kan shaidar. Ta tafi, amma ta tafi da cinyar, ta bar rami. Na kwaso ja daga gefe na cika ramin, ya fito kamar an manna ɗanyen laka. Ƙurar da na sa da inuwar da gashin duk sun zama abu guda, in na taɓa ɗaya na ɓata sauran. Na yi ta dama wurin har cinyar ta koma kamar ƙuna, kuma cikin gaggawa na adana shi a kan na kirkin. Da batir ya mutu na kira Maradi.

Ɗiyar ƙanwata ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "Ba komai, Inna. Buɗe shimfiɗar da kika ƙara wa shaidar baƙi ki rufe ta, sai mu gyara hoton ƙasa."

"Babu shimfiɗa."

"Kamar yaya babu?"

"Na haɗe."

Ina jin kukan ɗanta daga can.

"Inna."

"Kada ki kira ni da wannan muryar, ni na goya ki. Gaya mini abin da zan yi."

Abin da zan yi shi ne in koma farko. Hoton asali na nan a salulata. Kwana biyar ɗin nan sun tafi a banza.

Lokacin kaka ne, zafin da ke zuwa bayan ɗaukewar ruwa. Gyaɗata na zube a tsakar gida tana jiran ɓara, ina da masu jiran mai, ga na'ura da ba ta aiki sai daga hantsi zuwa la'asar. Ina zama a ƙofar ɗaki inda haske bai dukan gilashi, zufa na bin hannuna har linzamin na'urar ya riƙa sulɓewa. Tabaran da na saya a kasuwa na sa ni ciwon kai. Bayana ya riƙe. Sau da yawa na tambayi kaina wa ya aike ni, mace mai jikoki, zaman gyaran cinyar saniyar da ba ta numfashi.

A waya ɗiyar ƙanwata ta koya mini abin da take kira maski. Na ce mata ta bar turancin Faransa ta yi mini Hausa. Ta ce in tuna ƙunshi: inda aka manna leda a ƙafa, lalle ba ya kamawa, amma fatar na nan ƙarƙashi ba abin da ya same ta. Haka maski yake, wani fallen rufi ne da ake liƙa wa shimfiɗa. Inda na shafa masa baƙi, wurin ya ɓuya a ga abin da ke ƙasa. Inda na shafa fari, ya dawo. Ba a yanke komai, ba a goge komai. Ta sa na kwafi hoton saniyar na ajiye kwafin a ƙasa, na gusa shi kaɗan yadda lafiyayyen gashi zai zo daidai ƙarƙashin shaidar. Sannan in shafa baƙi a rufin hoton sama.

Yini guda ina kuskure. Sai in manta in zaɓi rufin, in shafa baƙin a kan hoton kansa, saniya ta tashi da zanen gawayi a cinya. In koma baya, in sake. Na zagi na'urar, na zagi wanda ya ƙera ta. Washegari da hantsi hannuna ya gane. Na shafa a hankali, shaidar ta nutse, jan gashi ya taso a wurinta sumul kamar ba a taɓa sa mata wuta ba. Na sake ƙura a shimfiɗarta, inuwa a tata, kashi a tasa. Na'urar na nishi, na bar ta ta yi ta nishinta.

Kwana huɗu ƙawata ba ta zo ba. Na hau kabu-kabu na je rugar. Na same ta tana wanke ƙore, ba ta ba ni tabarma ba. Na ce ban zo ba da haƙuri da baki ba, ta zo ta duba da idonta, in bai yi mata ba wasan ba zai fita da saniya ko ɗaya ba, ko da zan ɓata da ɗiyar ƙanwata. Ta ce za ta gani.

Ranar kasuwa ta zo, saura kwana biyu taron. Ta zauna nesa da ni, ta miƙa wuya. Ta daɗe tana kallon cinyar.

"Shaidar ta fita," in ji ta. "Amma saniyarmu ce."

"Ta yaya? Babu komai a jikinta."

"Ke da ba ki da shaida a cinya, ba a gane ki? Dubi farin wuyanta. Dubi na cikin. Duk mai shayarwa a rijiyarmu ya san ta, har uwarta ya sani."

Da a makon jiya ne, da kuka zan yi. Yanzu kuwa na ce ta jira. Na yi shimfiɗar jan gashi zalla, na ɗora ta farin gashi a bisa, na liƙa mata rufi na cika shi da baƙi. Saniya ta koma ja wur. Na ce ta faɗi inda za a sa fari.

Ta matso kaɗan. "Sa a goshi."

Na shafa fari a goshi.

"A'a, cire. Kin mai da ita ta mutanen rijiyar yamma, su ke da masu farin goshi."

Na shafa baƙi, farin ya ɓace. Ta kalle ni, ta kalli gilashin. "Sa a ƙafafun gaba."

Na sa.

Ta fashe da dariya, ta farko tun ranar nan. "Wagga ta surukata ce! Bar ta haka ta ci hatsin mutane, halinta ne."

"In bari?"

"Ke, cire, kada ki kashe mini aure."

Haka muka yi ta yi har rana ta take. Duk inda na sa fari sai ta ce ta gidan wane ce. Ban taɓa sanin cewa shanun ƙasar nan duka a cikin kanta suke ba. Daga ƙarshe muka tsaya kan wata mai fari a kafaɗa ɗaya, da zobe a tsakiyar wutsiya, da ɗigo uku a haƙarƙari. Ta juya kai hagu da dama.

"Babu mai irin wagga. Ko kyauta anka ba ni ba ni so."

Na ji daɗi, kuma jin daɗin ne ya ja ni. Ta tambaya, "To ita shaidar ina ta tahi?" Ni kuwa ina son ta ga abin da na koya da ciwon baya. Na rufe shimfiɗun sama, na koma kan hoton asali, na ɗebo fari na shafa a cinyar. Layi biyu da lauje suka fito ras.

Ta miƙe tsaye.

"Ashe tana nan."

"A rufe take. Dubi." Na shafa baƙi ta ɓace.

"Abin da kinka rufe da hannu ɗaya, wani na buɗe shi da hannu ɗaya. Wa za ki ba aikin ga?"

Sai na tuna. Ɗiyar ƙanwata ta ce wannan karon in turo aikin da shimfiɗunsa duka, don su iya gyara da kansu. Daga hannunta zai je na abokan aikinta, daga nan ban san ina ba. Wani da bai taɓa ganin rijiyarsu ba zai iya buɗewa ya ga shaidar ta yi masa kyau, kamar yadda ta yi mini.

Na kira Maradi, na buɗe murya don ƙawata ta ji. Na ce zan goge shaidar daga hoton kansa.

"Inna, ba a goge asali. Duk wahalar da muka sha don kada a goge ne. A wasan ba za ta taɓa fitowa ba, na rantse."

"Asalin naki ne?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Na mai saniya ne, ga ta nan tsaye a kaina. Kin koya mini rufewa, na gode, zan yi ta yi har in mutu. Wannan dai gogewa za a yi. Ku ma ku goge tsohuwar fatar da gwajin da ke wurinku."

Ɗiyar ƙanwata ta ja numfashi ta ce to.

Na ɗauki magogin da na yi kwanaki ina hana hannuna taɓawa. Na goge cinyar daga hoton, ya bar rami, jan gashin ƙasa ya cike shi. Ƙawata ta ce, "Na ƙasan fa? Kin ce kwafi ne." Wallahi na manta. Na buɗe kwafin, ga shaidar can gefe inda na gusa ta, tana zaune lafiya lau. Na goge ta. Na goge tsohuwar fatar da na ɓata, na goge gwajin wasan, na buɗe salula na goge hotunan bakin rijiya ɗaya bayan ɗaya tana kallo, har da wanda ta fito a ciki tana riƙe da ƙaho tana dariya. Shi ne kaɗai hotonta da nake da shi. Na ce mata na Maradi ban gani da idona ba, alkawari kawai aka yi mini. Ta ce ta ji.

A wani ajin lakol aka yi taron, an rufe tagogi don hoton ya fito. Maza a gaba bisa bencuna, manoma gefe, makiyaya gefe, mu mata a tsaye a baya cikin zafi. Kaina na sarawa tun safe. Aka nuna tsuntsu, aka nuna fara, ana dariya. Da shanu suka kauce daga burtali aka daina dariya. Na ga rawunan makiyaya sun karkata gaba gaba ɗaya, kowa na bin cinya da wuya da ido. Arɗo bai motsa ba.

Wani tsoho a cikinsu ya ce da ƙarfi, "Wagga saniya ta wa ce?"

Na kusa da shi ya ce, "Ba ta kowa ba ce. Wanda ya zana ta bai taɓa bin garke ba."

Aka yi dariya, har da manoma. Ƙawata ta mintsine ni a dantse.

"Kin ji, Kaɗo? An zagi aikinki."

"Na ji."

"Ya yi daidai."

Aka kashe hoton aka buɗe tagogi, suka shiga gardamar ranar da za a saki gonaki, irin wadda suke yi kowace shekara. Ba a ambaci gidan kowa ba. Ban iya tsayawa har ƙarshe ba, ciwon kan ya hana ni. Ƙawata ta rako ni gida. Na kwanta a tabarma na ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a idanuna, ita kuwa ta jawo buhun gyaɗata ta zauna tana ɓara, tana lissafa mini aibin saniyar: tozon ya yi ƙanƙanta, ƙahon na bijimi ne, kuma babu saniyar da ke cin gero ta fara daga gindin kara. Na ce ƙaho da tozo ba aikina ba ne, na mutanen Maradi ne. Ta ce to in gaya musu. Na ce sai na tashi.